Tambaya da Amsa: 'Yar mesata ta kasa saɓa, me zan shafa mata?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sanyi. Wannan makon filin namu na macizai ne, eh macizai nace, wanda tsigar jikinsa ke tashi ya yi haƙuri ya juya shafi, mako mai zuwa in Allah ya kaimu za mu koma kan tumaki da kaji. Tun da na ba da labarin yaron da ya shigo min ofis da 'yar mesa a kwalin taliya saƙonni suke ta shigowa, ashe masu kiwon abin nan a Bauchi da Gombe sun fi yadda nake zato, kawai dai ɓoyewa suke yi saboda tsoron tsohuwa ko mai gidan haya. Na zaɓo guda biyar, na bar su yadda aka rubuto, sunaye kawai na cire.

TAMBAYA: Salam Dakta dan Allah ina da 'yar mesa irin mai dunƙulewa ɗin nan kamar ƙwallo, na saya wajen wani a Legas ta Instagram aka sako min ita a mota, wata biyar kenan tana hannu na tsawon ta bai fi kamu ɗaya ba, da damina saɓan ta lafiya lau yake fita kamar an zare safa amma tunda hunturun nan ya shigo sai ya koma fita guntu guntu, yanzu haka akwai saura a wuya da baya da kan jela kuma ido ɗaya ya yi dishi dishi kamar yana, na shafa mata man kaɗanya bai yi ba aboki na yace in sa basilin sannan in manna salatif a idon in fizge, ni kuma wallahi tsoro nake ji. Me zan shafa mata? Daga Fadaman Mada, Bauchi.

AMSA: Ƙanena Allah ya yi maka albarka da ka ji tsoron nan, shi ya ceci idon dabbar. Ka gaida min abokin naka kace nace ya bar aikin likita, irin wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido, kuma a nan ba karin magana bane ido ne na gaske za a rasa.

Amsar tambayarka a gajarce ita ce babu abin da za ka shafa. Matsalar ba a fatar take ba, a akwatin take. Irin mesar da ke hannunka masana suna kiranta Python regius, 'yar nan Afirka ta Yamma ce har zuwa tsakiyar Afirka, yawancin waɗanda ake gani a Turai da Amurka ma asalin iyayensu daga Gana da Togo da Jamhuriyar Benin aka kwashe su. To sai mutum ya ce ai tunda 'yar gida ce iskarmu ba za ta dame ta ba, a nan ake yin kuskure. A daji wannan dabbar ba ta kwana a fili tana shan iskar hunturu, yini take a cikin ramin gafiya ko tsohon suri, can ƙasa inda akwai laima ko da waje ya bushe ƙamas, sai dare ta fito. Kai kuma ka ɗauko ta ka sa a akwati mai murfin raga a ɗakin da fanka ke juyawa. Danshin iskar da take buƙata kashi 55 zuwa 60 ne cikin ɗari, lokacin saɓa kuma ya kai wajen 70, mu kuwa a Bauchi da tsakar rana a watan Janairu yana sauka ƙasa da 20. Kai kanka duba leɓenka da dugaduganka ka gani, mu da muke da mai da safa ma ya muka ƙare.

Yadda saɓa take faruwa kuwa, in lokaci ya yi jikin macijin yana fitar da wani ɗan ruwa tsakanin tsohuwar fata da sabuwa don ya raba su, shi ya sa za ka ga launinta ya dushe ido ya koma kamar an ɗiga madara, bayan kwana uku ko huɗu ido ya washe kace ta fasa, sai kuma bayan wasu kwanakin ta goga hanci a wani abu mai kaushi ta zare rigar tun daga baki har jela. Duka duka sati ɗaya zuwa biyu. In jiki ba ruwa iska kuma a bushe, wannan ruwan rabawar sai ya ƙafe kafin aiki ya ƙare, tsohuwar fata ta manne. Ƙananan kuma su suka fi shan wahala saboda suna girma da sauri, duk sati huɗu zuwa shida sai sun yi saɓa, babbar mesa kuwa sau kaɗan take yi a shekara. Ka ga kenan kafin hunturu ɗaya ya wuce taka za ta yi sau biyu ko uku, in kowanne ya bar saura sai ya taru hawa hawa.

Abin da za ka yi yau: samo robar abinci mai murfi ka huda murfin don iska, ka zuba ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda in ka sa bayan hannunka ba za ka ji zafi ba kuma ba za ka ji sanyi ba, wajen digiri 28 zuwa 30, zurfinsa kar ya wuce rabin kaurin jikinta. Ka jefa ƙaramin tawul a ciki ta samu abin riƙewa, ka bar ta minti 15 zuwa 20 kana zaune a wajen, ba ka tafi kallon ƙwallo ba. In ka fito da ita ka riƙe ta da jiƙaƙƙen tawul ka bar ta tana silalewa ta cikinsa da kanta, daga kai zuwa jela, abin da ya yi laushi zai biyo tawul ɗin, abin da ya ƙi ka ƙyale shi sai gobe. Kar ka sa farce. Man kaɗanyan da ka shafa ma ruwan ɗumin zai rage shi, kar ka ƙara, mai yana kama datti kuma yana sa ɓawon jikinsu ya yi laushi ya riƙa ɗagowa.

Jelar nan ka fi mai da hankali a kai fiye da bayan. Saɓar da ta maƙale a kan jela zobe take zama, tana bushewa tana matsewa dabbar kuma tana girma, a hankali jini ya daina kaiwa, kan jelar ya yi baƙi ya bushe ya guntule. Wannan kam ka bi shi da jiƙaƙƙiyar auduga kana murzawa a hankali har ya fita.

Ido kuwa hannunka a kashe. Maciji ba shi da fatar ido da yake ƙiftawa, wani ɓawo ne garai garai kamar gilashin agogo ya rufe idon, shi ma yana fita tare da saɓa. In kana so ka tabbatar ko ya fita ka ɗauko saɓar ka buɗe wajen kan ka duba, za ka ga 'yan ƙoƙuna biyu, in babu ɗaya toh yana kan idon. Amma sau da yawa abin da mutane ke ɗauka tsohon ɓawo ne ba shi bane, idon ne kawai ya ɗan lotsa ko ya yi tamoji saboda ƙishirwa, in ka manna salatif ka ja sai ka ɓare mai rai ɗin, ido ya bushe ya mutu. Ka gyara danshi ka jira saɓa ta gaba, galibi tare suke fita. In an yi saɓa biyu bai fita ba ko idon ya kumbura sai a kai wa likita.

Gyaran akwatin shi ne ainihin maganin kuma ba ya cin kuɗi. Ka rufe kashi biyu cikin uku na ragar saman da leda ko katako, ka sa kwanon ruwa mai faɗi wanda za ta iya shiga, ka canza ruwan kullum. Sannan ka yi mata ramin gafiyarta: roba mai murfi ka yanke ƙofa a gefe ka goge bakin kar ya yanke ta, ka sa jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta da ka matse sosai a ciki. Ni abin da na fi so ma tukunyar ƙasa ce ƙarama, irin ta masu tukwane a kasuwar Muda Lawal, ka fasa mata baki a gefe ka goge kaifin ka jiƙa ta ka kife, yadda randa ke riƙe sanyi haka take riƙe laima. Ka kuma sayi ɗan ma'aunin danshi da zafi mai batir, ana samu a intanet, ka daina auna iska da zato.

TAMBAYA: Dakta ina wuni ya aiki, ni uwa ce, ɗana ne ɗan shekara 17 ya dage sai ya yi kiwon mesa babansa ya biye masa, ya sa ta a akwatin gilas a ƙasa kan tayil a baranda ya zuba mata dusar katako da yake ɗebowa wajen masu yankan katako, kullum sai ya kwara ruwa a ciki wai ya ji ance suna son danshi, toh shekaranjiya ya ɗago ta na hango cikinta ya yi ja ja wani wajen ruwan ƙasa kamar tsatsa da wasu ƙuraje masu ruwa kuma akwatin yana wani irin ɗoyi, ya wanke ta da Dettol, abinci ma ta ƙi ci sati biyu. Ni Allah ya sani ba ƙaunar abin nan nake ba ko kusa da barandar bana zuwa amma ina tsoron hakki kar mu zama kamar matar nan da ta tsare kyanwa. Daga Tumfure, Gombe.

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya saka da alheri, kin fi masu cewa suna son dabbar tausayinta. Kuma na ji daɗi da wasiƙarki ta zo tare da ta sama, don na san wani zai karanta amsar farko ya je ya mai da akwatinsa fadama. Danshin iska daban, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa daban. Ramin da take kwana a daji iskarsa ce mai laima, ƙasan da take kwanciya a kai ba caɓi bane.

Abin da kika kwatanta ruɓewar ɓawon ciki ne. Maciji da cikinsa yake tafiya da shi yake kwanciya, in ya yi kwanaki a kan jiƙaƙƙiyar dusa da ta gauraya da kashinsa da fitsarinsa sai fatar ta jiƙe ta yi laushi, kin san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙwayoyin bakteriya da dama can suna cikin dattin sai su kutsa. Farko ja ja ko ruwan ƙasa a gefen ɓawon, sai ƙuraje masu ruwa, sai su fashe su zama gyambo, in aka bari ya shiga jini shikenan, kuma ƙarama ba ta da jikin da za ta daɗe tana jurewa. Ga kuma sanyi ya haɗu da shi. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa kamar akuya, da zafin wurin da yake zaune yake narkar da abinci da shi kuma jikinsa ke yaƙar cuta. Tana buƙatar gefe ɗaya na akwati ya kai digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen wajen 25 zuwa 27, ta riƙa zaɓa da kanta. Tayil a baranda cikin daren hunturu kuwa kin san yadda yake, ko ƙafa ba a iya takawa da asuba.

Wata 'yar faɗakarwa ga sauran masu karatu kar kowa ya firgita: in mesa ta kusa saɓa cikinta yakan yi ɗan ja ja bai ɗaya, sumul ba ƙurji ba wari, wannan ba ciwo bane. Na ciwo tabo tabo yake, ɓawon ya yi kaushi ko ya ɗago.

Ki sa shi yau ɗin nan ya kwashe dusar duka ya zubar, kuma kar ya sake ɗebowa, dusar wajen yankan katako ba a san itacen da aka yanka ba, wani da maganin gara a jikinsa wani da bakin man inji, ga ƙura da ke shiga hanci. Ya wanke akwatin da ruwan bilic da aka tsarma sosai, ya ɗauraye har sai warin ya tafi, ya shanya a rana, ya shimfiɗa farar takarda ko tishun kicin busasshe, duk sanda ta ɓata a canza nan take. Akwatin ya tashi daga ƙasa ya hau tebur a cikin ɗaki. Na san wannan ba zai miki daɗi ba Hajiya, amma ɗakinsa nake nufi ba naki ba, a kuma sa wa murfin sakata.

Dettol da Izal da danginsu a daina, sinadarin da ke cikinsu yana da illa ga dabbobi masu jan ciki. Abin da ake amfani da shi shi ne ruwan aidin irin Betadine, a ɗiga a ruwan ɗumi har ya yi launin shayi marar kauri, a jiƙa ta minti 10 zuwa 15 sau ɗaya a rana, amma a fara barinta a ruwa zalla ta sha ta ƙoshi tukuna don kar ta sha mai maganin, bayan an gama a tsane ta sosai da tishu kafin a mayar. Wannan yana isa in abin farko farko ne. Naku kuwa tunda har ƙuraje sun fito ga wari ga ƙin abinci, ya wuce aikin gida, tana buƙatar likitan dabbobi ya gani, mai yiwuwa sai an haɗa da allurar kashe ƙwayoyin cuta da aka auna da nauyinta. Dabbar da ba ta wuce giram 150 ko 200 ba, ɗigo ɗaya in ya yi yawa ƙoda yake taɓawa, don haka kar ya je kemis a yanko masa kafso. Gaskiya likitocinmu na nan sun fi sabawa da shanu da kaji, wani ma yana ganin abin da ke cikin kwalin zai tuna yana da taro, toh ku fara kira ku tambaya kafin ku je, in ba a dace ba asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a jami'o'in Zariya da Maiduguri da Jos suna nan. Kar a matsa mata da abinci yanzu. Tabon kuma ba ya ɓacewa rana ɗaya, da kowace saɓa yake raguwa, sai an yi biyu ko uku ko fiye.

Sannan ke da kike da ƙanana a gida, ki kafa doka: duk wanda ya taɓa ta ko akwatinta ya wanke hannu da sabulu, ba a wanke kwanonta inda ake wanke wanke, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma ba ruwansu da ita. Macizai da ƙadangaru da kunkuru suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, mu kuma gudawa da zazzaɓi take sa mu.

TAMBAYA: Dakta barka, tawa kwana biyun nan bata fita daga kwanon ruwa ko dare ko rana, da na zubar da ruwan sai naga wasu baƙaƙen ɗigo ɗigo a ƙasan kwanon kamar garin masoro, na duba jikinta naga suna motsi a gefen ido da ƙarƙashin haɓa, bayan na riƙe ta har a hannu na na gansu, wannan ya fara ne bayan na karɓo wata ta biyu wajen wani na haɗa su. Zan iya fesa fiya fiya kaɗan ko Sniper a akwatin? Ɗalibi daga Yelwa, Bauchi.

AMSA: Malam ɗalibi in ka fesa fiya fiya ƙwarin za su mutu macijin ma zai bi su, kai ma da kake kwana a ɗakin ban ba ka tabbas ba. Kalanzir ma haka, maganin kaskar shanu ma haka.

Waɗannan ƙwarin jinin maciji suke sha, a ce ƙumar maciji, sunansu a littafi Ophionyssus natricis, kuma baƙuwar da ka kawo ce ta zo da su. Zaman da take a ruwa ƙoƙarin nutsar da su take. A babbar mesa damuwa ce kawai da ɓata saɓa, a ƙarama kuwa suna iya shanye ta har jini ya yi ƙasa ta rame ta mutu, kuma suna iya ɗaukar cuta daga wannan maciji zuwa wancan. Abin da ke ba mutane wahala da su shi ne ba a jikin macijin suke ƙwai ba, in sun ƙoshi sauka suke su shige lungun akwati da tsagar katako da gefen murfi su zuba, kamar dai kuɗin cizo da gado. Shi ya sa za ka wanke ta tas yau, bayan sati ka ga sun dawo kace maganin ƙarya ne.

Ka raba su biyun yanzu kowacce da robarta, dama can mesa ba ta son zaman tare. Duk shimfiɗa da itace da kwali a ƙone, abin da yake roba ko gilas a wanke da ruwan zafi da bilic a ɗauraye a shanya, a koma kan farar takarda don ka riƙa ganinsu in sun fito. Ka jiƙa kowacce a ruwan ɗumi minti 20, ka bi gefen ido da tsagar haɓa da 'yan ramukan leɓe da jiƙaƙƙen auduga, ka maimaita wankin akwati duk bayan kwana biyu zuwa uku, ka ci gaba da sa ido har sati shida ko da ka daina ganin ko ɗaya. Akwai magungunan da likita ke amfani da su irin su aibamektin da fifuronil, amma awonsu a ƙaramin maciji siriri ne ƙwarai, a bar wa likita, kuma mai kunkuru a gida ya sani aibamektin yana kashe kunkuru. In kuma ka ga wani abu mai faɗi ya lafe tsakanin ɓawo ba ya motsi wannan kaska ce, ana yawan samunta a waɗanda aka kamo daga daji, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a hankali a goge wurin da ruwan aidin. Nan gaba duk sabuwar da ka kawo ta yi wata biyu zuwa uku a wani ɗaki daban kafin ta kusanci ta gida.

TAMBAYA: Ina sa mata ƙwan lantarki mai zafi a cikin akwati saboda sanyi toh jiya naga bayanta ya yi fari fari ya tattare waje ɗaya, kuma akwai wani rauni kusa da jela ina zargin ɓeran da na bar mata ne ya kwana a ciki. Daga Azare.

AMSA: Ƙuna ce da cizo, biyun kuma kai ka jawo mata, yi haƙuri da na faɗa kai tsaye. Mesa tana jin sanyi za ta naɗe ƙwan ta kwanta, kuma ba ta saurin janyewa kamar yadda kai za ka fizge hannu, tana nan har naman ya dahu. Ƙwan lantarkin ya koma waje sama da raga inda ba za ta taɓa ba, in shimfiɗar ɗumi ce ta lantarki a haɗa ta da na'urar da ke kashe ta in zafi ya kai, don wutarmu ta kan zo da ƙarfi ba sallama. Daren da aka ɗauke wuta ka zuba ruwan zafi a gora ka naɗe da tawul ka jingina a jikin akwatin ta waje. Ƙunar a wanke da ruwan aidin mai launin shayi, a kwantar da ita kan takarda, likita zai iya ba ka man ƙuna mai sinadarin azurfa, banda man goge baki banda ƙwai banda man ja. In ƙunar ta fi faɗin babban yatsa ko ta yi zurfi a kai ta a gani. Za ka ga tana saɓa a kai a kai, hanyar warkewarta kenan.

Ɓera mai rai kuwa ba a barinsa ya kwana da maciji, in ba ta jin ci dunƙulewa za ta yi ta ɓoye kai shi kuma ya zauna ya gaigaye ta har ƙashi. A ba ta wanda aka riga aka kashe, kaurinsa daidai da inda ta fi kauri, duk kwana biyar zuwa bakwai. Kuma ba ɓeran gida ko na kwata ba, wanda ba ka san ko ya ci shinkafar ɓera a maƙwabta ba.

TAMBAYA: Dakta ƙanina ne ya tsinci wani ɗan ƙaramin maciji a gona wajen Billiri lokacin da ake tattara kara, mai zane zane ruwan ƙasa, ya tura shi a bokiti da sanda ya kawo gida yace 'yar mesa ce zai yi kiwo, amma fatar shi kaushi gare ta ba sheƙi kamar yana da ƙazuwa kuma in an matso sai ya naɗe yana goga jikin shi yana wani ƙara shuuu, wane magani za mu sa mishi? Daga Gombe.

AMSA: Innalillahi. Ɗan'uwa wannan saƙon da na gan shi ban jira mujalla ta fito ba na kira lambar da ka turo da ita, amma zan amsa a nan ma saboda wasu. Kar kowa ya sa hannu a bokitin nan. Fatar mesa sumul take tana sheƙi, mai dunƙulewar kuma in ta tsorata cusa kai take a tsakiyar jiki ta yi shiru. Ƙaramin maciji mai kaushin fata da ke naɗewa yana goga jikinsa yana ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi, a ƙasar Billiri da Kaltungo, wannan siffar kububuwa ce, gobe da nisa, kaushin kuma halittarta ce ba ciwo ba. Ko babbarta ba ta cika wuce kamu ɗaya da 'yan kai ba, shi ya sa ake ɗaukarta jaririyar wani abu. Dafinta hana jini daskarewa yake, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da fitsari da tsohon rauni, saboda ita ne fa asibitin masu saran maciji na Kaltungo ba ya rabo da jama'a lokacin noma da girbi. Jaririyar kasa, macijiyar nan mai dafi, ita ma haka take ruɗar mutane, gajera mai kauri mai zane.

Ko da ma mesar ce ta gaske ban goyi bayan a ɗauko daga daji ba. Wadda aka fi gamuwa da ita a dazukanmu babbar mesa ce, tana ƙarama ma masifaffiya ce, in ta girma tana wuce mita 3 har 4, ba abin ajiyewa a gidan da ke da yara da awaki bane. Ga kaska da tsutsar ciki da suke zuwa da su, ga ƙin cin abinci, sannan tun 1985 aka kafa dokar tarayya kan fataucin namun daji, mesa kuma tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji ta sa wa ido kan fitar da su ƙasashen waje. Mai son kiwo ya nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannu, ya kuma san cewa mai dunƙulewar nan tana kai shekara 20 zuwa 30, wato za ta ga aurensa ta ga yayen 'ya'yansa.

Ku kife faranti mai nauyi a bakin bokitin ku ɗora dutse, a kori yara daga wajen, a nemo wanda ya san aikin macizai ko ma'aikatan gandun daji su zo su ɗauke. In kuma tsautsayi ya riga ya faru ta taɓa wani, ko da yace bai ji zafi ba, banda tsagawa banda tsotsa banda ɗaure ƙafa da roba, a cire zobe da agogo, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a sa shi a mota a nufi Kaltungo.